Hannu a Kumfa, Kunne a Waƙa: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan makon a kan abu ɗaya suka faɗo, wato jin waƙa a waya lokacin da hannu ke kan aiki: wanki, wanke-wanke, shara, girki ko guga. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin da waƙa iyayenmu mata suke daka da niƙa tun kafin a san batir. Sai dai waƙar yanzu tana fitowa ne daga na'urar da ba ta shiri da ruwa, ba ta shiri da zafi, kuma kowane baiti da kuɗinsa. Na taƙaita wasu tambayoyin, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kullum da safe in zan yi wanki da share-share sai in kunna sababbin waƙoƙi a YouTube in jingina wayar a taga. Datar wata guda ba ta kai mani mako biyu, har maigida ya fara ƙorafi. Ko wayar ce ke shanye ta? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Hajiya, wayar ba ta da laifi. Kina biyan kuɗin kallo ne alhali sauraro kawai kike yi. Idonki na kan baho, amma YouTube bai san haka ba, yana ta jawo hoto mai motsi daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma hoton ne ke cin kaso mafi tsoka. Bidiyo mai kyawun 720p kan lashe kusan gigabait ɗaya a awa guda, wani lokaci ma fiye. Ga kuma wani abu: in ba mai biyan kuɗin wata ba ce ke, da zarar kin kashe fuskar wayar sai YouTube ya tsaya, don haka dole fuskar ta zauna a kunne tana zuƙe batir tana ɗumama waya.

Sauti zalla ba haka yake ba. Ga lissafin, kowa na iya yinsa da kansa. A Spotify akwai matakan kyawun sauti: na ƙasa kilobit 24 a daƙiƙa, matsakaici 96, na sama 160, sai na 320 ga masu biya. Matsakaicin nan na 96 yana cin kamar megabait 43 a awa. Na 160 yana cin 72, na 320 kuma 144. Ke nan in kina aikin awa biyu kullum a kan matsakaici, a wata kin ci wajen gigabait biyu da rabi. Ya fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba, amma har yanzu kuɗi ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Abin da nake ba da shawara shi ne a sauke waƙa sau ɗaya, a yi ta ji. Waƙar minti biyar a kan kilobit 128 ba ta wuce megabait biyar ba. Waƙa arba'in ke nan ba su cika megabait 200 ba, kuma sun ishe ki fiye da awa uku ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Audiomack na barin a sauke waƙoƙi da dama kyauta a ji su cikin manhajar ko babu data. Boomplay, wadda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, ita ma tana da wasu da ake saukewa. A Spotify sai mai biya ke iya sauke waƙa, kuma ana so ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ya sauke ya rufe. Kamfanonin layi kan sayar da datar dare mai rahusa, daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Ki zaɓi waƙoƙinki tun da yamma, ki sauke su a wannan lokacin, da safe ki kashe data gaba ɗaya kafin ki ɗebo ruwa.

Kada kuma kowa ya ruɗe ki da maganar sauti na ƙoli. Ga famfo na zuba, ga tsintsiya na ƙara, ga 'yar lasifikar waya da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba: babu kunnen da zai bambance 96 da 320 a wannan hali.

Tambaya: Injiniya, ina wanke-wanke wayata na waƙa a kan bokitin da na kife, sai ta zame ta faɗa cikin ruwan kumfa. Na ciro ta nan take na tura cikin buhun shinkafa har kwana biyu. Tana kawowa, amma muryarta ta dishe. A kwalinta an rubuta IP54, na ɗauka ruwa ba ya yi mata komai. Daga wata amarya, Daura.

Amsa: Allah ya sanya alheri, amarya, Allah kuma ya kiyaye gaba. Lambobin nan biyu da ke bayan IP kowace da aikinta. Ta farko ƙura take nufi, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ruwa. In ta biyun 4 ce, ma'anarta wayar na jure fantsamar ruwa, ba nutsewa ba. Sai an kai 7 ake maganar nutsewa, shi ma zurfin mita ɗaya na minti 30. Kuma da tsabtataccen ruwa ake yin gwajin. Ruwan sabulu ya fi shi iya kutsawa ta ƙananan kafofi, sannan in ya bushe yana barin dauɗa mai cin ƙarfe a hankali. Wayar da mai gyara ya taɓa buɗewa kuwa, ko da IP68 aka rubuta mata, danƙon da ke tare ruwan ya riga ya saki.

Shinkafa ba ta tsotso ruwan da ya riga ya shige ciki. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta wa masu iPhone cewa kada su sa waya a shinkafa, saboda ɓarɓashinta na iya shiga ya yi ɓarna. Abin da ya kamata a yi a irin wannan lokaci: a kashe wayar nan take, a cire rigarta da layi da memori, a goge ta da ƙyalle, a juya ramin caji ƙasa a ɗan bubbuga ta a tafin hannu, sannan a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa na yini da kwana. Ba a sa ta a rana, ba a kara ta kusa da murhu, ba a tura tsinke ko auduga a ramin. Mafi muhimmanci, ba a sa mata caji tana da danshi. Wayoyi da yawa ba faɗawa ruwan ne ke kashe su ba, gaggawar jona caja ce don a ga ko suna da rai.

Tunda ruwan kumfa ne, ki kai ta wurin mai gyaran da kika yarda da shi ya buɗe ya wanke cikinta da sinadarin da suke amfani da shi, ko da kuwa tana aiki yau. Tsatsa ba ta nuna kanta sai bayan makonni. Dishewar murya kuma yawanci daga ragar lasifika ce: sabulu ya bushe a kai, ƙurar hunturu ta hau, maiƙon suya ya liƙe su. Ki sami tsohon buroshin goge baki mai laushi, busasshe, ki share ragar a hankali. Allura kuwa kada ta je wurin, domin bayan ragar akwai wata siririyar fata da ke kaɗawa ta ba da sauti, in ta huje sai an canja lasifikar.

Daga yau wayar ta bar wurin wanke-wanke. Ƙaramar lasifikar Bluetooth mai alamar jure ruwa ta IPX5 ko IPX7 ita ce ta dace da bakin rariya, wayar kuma ta zauna a ɗaki. In lasifikar ta faɗa ruwa, asarar ba ta kai ta waya mai ɗauke da hotunan biki da manhajar banki ba. Haka ma a madafa. Batirin waya ba ya son zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a nan watan Afrilu da Mayu rana kaɗai kan haura 40, balle a haɗa da tururin tukunya. Duk wadda ta ga bayan wayarta ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura. Ta daina yi mata caji, ta nisanta ta da gas, ta kai a canja.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗalibi ne, ni ke yi wa kaina wanki da girki. Ina son jin sababbin waƙoƙin Hausa, amma manhajar kullum waɗanda na sani take maimaita mani, ko ta kawo waɗanda ba na so sam. Ya ake yi ta gane abin da nake so? Daga wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Katsina.

Amsa: Wannan tambaya ta yi mani daɗi, ƙanena, domin matsalar daga wankin naka take. Manhajojin nan ba su san zuciyar mutum ba, ayyukansa suke karantawa: wace waƙa ya bari ta kai ƙarshe, wace ya tsallake tun farkonta, wace ya danna wa alamar so, wane mawaƙi yake bi. To kai hannunka na cikin kumfa. Waƙar da ba ka so ta shigo, ka yi tsaki, amma ba ka tashi ka tsallake ta ba saboda ƙyuyar ɗauraye hannu. Ita manhaja ba ta jin tsaki. A wurinta ka saurara har ƙarshe, don haka gobe za ta kawo maka 'yan'uwanta uku. Wadda ta burge ka kuwa har ka tsaya da cuɗar riga, ita ma ba ka danna mata komai ba. Duka biyun ɗaya suke a lissafinta. Kamar mai tuwo-tuwo ce da kullum take ganin kwanonka ya dawo a siɗe, ba ta da dalilin canja miya.

Maganin ba wuya. In ka gama shanya, hannu ya bushe, ka buɗe tarihin abin da ka ji, duk manhajojin suna da shi. Ka ba shi minti biyar: ka danna so a kan waɗanda suka yi maka, ka bi mawaƙansu, ka ɓoye waɗanda ba su yi ba in manhajar na da wurin yin haka. Cikin 'yan makonni za ka ga bambanci. In kuma abokan ɗaki na karɓar wayarka su kunna nasu, to ka sani ɗanɗanon mutum huɗu take koyo, ba naka kai kaɗai ba.

Game da sababbi, tun watan Yulin 2015 manyan kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sabon aiki. Shi ya sa Spotify, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ke sabunta jerin Release Radar duk Juma'a da sababbin waƙoƙin mawaƙan da kake bi, sannan Discover Weekly duk Litinin da waɗanda take hasashen za ka so. Amma in ka dogara da waɗannan kaɗai za ka rasa da yawa daga cikin namu. Mawaƙan Hausa ba su cika bin wannan tsari ba. Wani a YouTube zai fara saki, wani a Audiomack, wani guntun baiti zai jefa a TikTok ya ga yadda za a karɓa. Lokacin da kasuwarsu ke ci shi ne gab da Sallah, da lokacin bukukuwa, da kakar siyasa. Ga kuma matsalar rubutu: suna ɗaya za ka tarar an rubuta shi iri uku, nan da ƙugiya can babu, har manhaja ta ɗauka mutum uku ne. Don haka in ka nemi waƙa ba ka samu ba, ka gwada k a madadin ƙ, d a madadin ɗ. Ka kuma nemi shafin mawaƙin na gaskiya ka bi shi a can, ba shafukan masu kwafe ba. Ta nan ne ma ɗan abin da ake biya kan kowane sauraro ke isa hannun mai waƙar, ba aljihun wanda bai san wahalar situdiyo ba.

Kada kuma ka raina rediyo. Yawancin wayoyin da muke riƙewa suna da FM a ciki, ba ya cin data ko kaɗan. Wayar iyafis ce eriyarsa, ka soka ta, ka zaɓi sautin ya fito ta lasifika. Tashoshi irin su Companion FM da Vision FM a nan Katsina, masu gabatar da shirye-shiryensu mutane ne da suka san abin da ake ji a gidan biki da cikin Keke Napep, abin da manhaja irin Spotify da aka ƙera a Suwidin ba za ta sani da wuri ba.

Tambaya: Malam, in na kunna waƙa na ajiye waya, bayan minti kaɗan da fuskar ta mutu sai waƙar ta tsaya. Infinix ce. Daga wani magidanci, Sabuwar Unguwa.

Amsa: Tsarin tattalin batir ne ke rufe manhajar, yana ɗauka ba a amfani da ita. Malam, ka shiga saitin waya, wurin jerin manhajoji, ka zaɓi ta waƙar, ka shiga ɓangaren batir ka ba ta izinin aiki ba takura. Sannan ka buɗe jerin manhajojin da ke buɗe, ka sa mata alamar kwaɗo don kada a share ta. In kana da irin manhajojin nan masu cewa suna wanke waya suna ƙara mata gudu, ka cire ta waƙar daga cikin waɗanda suke rufewa. Sunayen wuraren na ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma hanyar ke nan.

Tambaya: Ɗana, 'yata budurwa in za ta yi shara ko girki sai ta toshe kunnuwa biyu da abin jin waƙa. Sai in yi ta kira ba ta ji. Rannan har miya ta ƙone tana tsaye a tsakar gida. Na ce zan ƙwace, ta ce kowa haka yake yi. Abin nan ba ya lahani? Daga wata uwa, Rafindadi, Katsina.

Amsa: Mama, kina da gaskiya, kuma lahanin iri biyu ne. Na farko ga kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. In ƙarar ta kai 90, awa huɗu kacal ke nan a mako gaba ɗaya. Aikin gida kuma shi ke sa a ƙure murya: janareton maƙwabta na ruri, injin markaɗe na yi, famfo na zuba, sai yarinya ta yi ta ƙarawa don waƙar ta rinjaye su, ba ta san ta wuce iyaka ba. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi da ke karɓar sauti, in suka lalace ba sa sake tsirowa. Ki tambaye ta ko takan ji kunnenta na ƙugi ko shuuu bayan ta cire. In tana ji, gargaɗi ne, in kuma ya ƙi tafiya a kai ta asibiti ɓangaren kunne.

Na biyu, gida da kunne ake tsaronsa. Tafasar tukunya, hucin gas, kukan yaro, sallamar baƙo, kiran salla, duk ta kunne suke isowa kafin ido ya gani.

Ni dai ba zan ce a ƙwace ba, domin za ta ari na ƙawa. A yi sulhu. Ta sa a kunne ɗaya, ɗayan ya zauna a buɗe. Don kada rabin kiɗan ya ɓace, a saitin waya ɓangaren taimakon masu buƙata ta musamman akwai wurin da aka rubuta Mono audio, in ta kunna shi duk sautin zai haɗu a kunne guda. Ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari, in wayar ta nuna gargaɗin an kai iyaka kada ta danna ta wuce. Gwajin mai sauƙi ne, Mama: ki tsaya nesa da ita kamar tsawon hannu ki yi magana yadda kika saba. In sai kin ɗaga murya ta ji, ƙarar ta yi yawa. A gaban wuta kuma babu iyafis ko na kunne ɗaya, musamman mai waya da ke reto yana iya saƙale hannun tukunya. Nan lasifika ce kawai, a can gefe.

Tambaya: Lasifikata ta Bluetooth sai ta riƙa yankewa in na fita tsakar gida da waya a aljihu. Jabu ce? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Ba lallai ba ne. Kimanin mita goma irin wannan Bluetooth ke kaiwa, shi ma in babu abin da ya gitta. Bango na rage shi, ƙofar ƙarfe ta fi, jikin mutum ma na tare shi saboda ruwan da ke cikinsa. Kai ne ke yawo da wayar kana sa bango tsakaninsu. Ka ajiye su wuri ɗaya, ko ka bar wayar a taga ka fita da lasifikar inda suke hangen juna. In ka kunna raba intanet daga wayar, kashe shi, domin sau da yawa a zango ɗaya suke aiki, na gigahaz 2.4. In duk ka yi haka tana kusa kuma tana yankewa da cikakken caji, to sai a zargi lasifikar.

Tambaya: Malam, na ji wata sabuwar waƙa daga gidan maƙwabta ana biki ina shanya, ta shiga raina, ban san mai ita ba. Na kai memori wurin mai turi ya sa mani, ya ce bai gane ta ba, ya cika mani da wasu. Tun ranar kuma talla ke ta faɗo mani a waya. Daga wata mai karatu, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: 'Yar'uwa, mu fara da tallar. Waƙa ba ta kawo talla, manhaja ce ke kawowa. Ki duba cikin memorin: fayil ɗin waƙa da mp3 ko m4a sunansa ke ƙarewa. Duk wanda ya ƙare da apk manhaja ce, ko da sunan waƙa aka sa masa, kuma da alama an danna irinsa an girka. Ki shiga jerin manhajojin wayar ki nemi wadda ba ki san da ita ba, wani lokaci ba ta da suna ko hoto, ki cire ta. Sannan ki buɗe Play Store ki sa Play Protect ya bincike wayar. Ba lallai mai turin ya yi da gangan ba, kwamfutar da memori ɗari ke shiga a yini ba ta rasa kwashe-kwashe. Gaba in za ki kai, ki cire memorin ki ba shi, kada ki miƙa wayar a buɗe.

Ita kuma waƙar, in kika sake jin ta, manhajar Shazam na iya gano ta cikin daƙiƙu kaɗan: ki buɗe, ki danna, ki nufi inda sautin ke fitowa. Tana kwatanta abin da ta ji ne da waƙoƙin da ke rumbunta, don haka in mawaƙin bai sa waƙar a manyan manhajoji ba, ko kuma kai tsaye masu kiɗan ƙwarya ke yin ta a gidan bikin, ba za ta samu ba. Google ma tun 2020 yana da wurin da mutum zai yi gunjin karin waƙa ya nemo masa, sai dai a waƙoƙinmu yakan yi ta kame-kame. Abin da ya fi yi wa waƙar Hausa aiki shi ne amshi. Ki riƙe kalma huɗu ko biyar daga cikinsa ki rubuta a YouTube ko TikTok. In rubutun na ba ki wahala, tun Oktoban 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake bincike da murya, sai ki zaɓi Hausa a saitin ki faɗi baitin da bakinki. In duk ba a dace ba, ki aika yaro gidan bikin ya tambayo mai kiɗan sunanta.